Tsofaffin 'yan wasa da littattafan da aka mai da fim: wanne ya zauna muku a rai?

Ɗan Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Wata magana ce ta tsaya min a rai tun satin da ya wuce, na ce bari in kawo ta nan ko na samu masu taya ni.

Allah ya nufa na kalli Shaihu Umar, fim ɗin da marigayi Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976, a wani taro da aka yi a jami'a aka haska mana shi a babban allo. Ni littafin tun ina aji uku na sakandare na san shi, malaminmu na Hausa yakan sa mu karanta da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, kuma ban manta ba duk ranar da aka zo wajen da uwar Umar ta bar gida ta shiga duniya neman ɗanta har ita ma aka kama ta aka sayar, ajin nan tsit yake yi, har 'yan kujerar baya masu surutu. Shekara da shekaru ina jin ana cewa ai an yi fim ɗinsa amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce min ga shi ba, wasu ma cewa suke ya ɓata. Ashe kuwa saura ƙiris, don sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa, wata cibiya a Jamus mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ku duba fa, fim ɗin Hausa, daga littafin Firayim Ministanmu Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma sai da ya je Jamus ya dawo kafin irinmu mu sa shi a ido.

To ba wannan ne ma ya hana ni sukuni ba. Da na koma gida sai na lalubo tsohon littafina, bangonsa ma ya cire, na fara daga inda Shaihu yake zaune a Rauta almajirai sun kewaye shi suna tambayarsa asalinsa, wallahi sai na ji muryar Umaru Ladan, wanda ya fito a Shaihu a fim ɗin, ce ke karanto min. Shaihun da na ƙera a raina shekara ashirin da 'yan kai, wani dogon tsoho mai kama da kakana, ya tashi ya ba Umaru Ladan buzun, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan. Mutumin nan ba ya gaggawa. Fim ɗin ya haura awa biyu, ga ayari ga raƙuma ga hamada da ido bai ga ƙarshenta, amma abin da ya biyo ni gida shi ne yadda yake magana kamar wanda ya riga ya gama kukansa tun da daɗewa, labari kawai ya rage. Daga baya na ji ashe shi da Dexter Lyndersay ne suka fara mai da littafin wasan dandamali a Jami'ar Ahmadu Bello har aka buga shi a 1975, kun ga ke nan ya daɗe yana kwana yana tashi da Shaihun nan kafin a ɗora masa kyamara.

Tambayata biyu ce amma a haɗe suke. A cikin tsofaffin 'yan wasa, na gida ko na waje, wa ya fi shiga ranku? Sannan akwai littafin da kuka karanta, kuka kalli fim ɗinsa, da kuka koma littafin sai kuka ji muryar ɗan wasan ta maye gurbin wadda ke kanku? Ko ni kaɗai abin ya taɓa samu?

Malam Mai Ritaya

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Hausa kafin in ajiye alli, Shaihu Umar kuwa ban san sau nawa na bi shi da ɗalibai ba. Ɗaya ne daga littattafai biyar da suka fito a dalilin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. A cikin biyar ɗin nan Shaihu Umar ne mai natsuwa, ba ruwansa da aljanu ko cika baki, bauta ce tsagwaronta da yadda take raba uwa da ɗanta, shi ya sa ya karɓi majigi ba tare da an yi masa ƙari ba.

Amma ni gwanina Kasimu Yero ne, Allah ya ji ƙansa, a 2017 ya rasu a Kaduna. Waɗanda suka tashi lokacin da talbijin ɗaya ce a unguwa, a buɗe tasha da yamma a rufe da dare, yara cike da zauren mai gida har bakin ƙofa, sun san Karambana, sun kuma san shi a Magana Jari Ce da NTA Kaduna ta yi a shekarun 1980. Mutanen kudu kuma da Uncle Gaga suka san shi a Cock Crow at Dawn. Mutum ɗaya yau ya ba ka dariya har ka riƙe ciki, gobe ya fito da babbar riga ka ji kamar ka durƙusa ka kwashi gaisuwa, Turancinsa tas, Hausarsa tas irin ta Zazzagawa.

Kuma ka sani ɗana, Magana Jari Ce ba ƙaramin kaya ba ne ga mai son ya mai da shi kallo. Labari ne a cikin labari, aku ne yake riƙe Musa ɗan sarki da hira dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri, wato daɗin abin gaba ɗaya a bakin mai ba da labarin yake, a karin maganarsa da inda yake ja da inda yake saki. In ka kawo ɗan wasan da kyawun fuska ne jarinsa to ka kashe Imam. Mutanen wancan zamani kuwa daga rediyo da dandamali suka fito. A rediyo ba ka da fuska ba ka da riga, muryarka ce kaɗai za ta nuna wa mai sauraro kai sarki ne ko bafade ko ɓarawo, a dandamali kuma in ka yi tuntuɓe babu wanda zai ce a yanke a sake. Ko wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, ai sai da aka ji su a rediyo kafin su zama littafi. Dubi Samanja, Usman Baba Pategi da ya rasu a 2023, sojan gaske ne ya yi aikin, shi ya sa Hausar barikin nan tasa ba koyo ba ce. Dubi Kasagi, Umaru Ɗanjuma Katsina, ɗan wasa ne kuma shi ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna da hukumar fina-finai ta mai da fim a farkon shekarun 1990, Brendan Shehu ya ba da umarni. Marubuci da ɗan wasa a riga ɗaya.

Abin da ke ci min rai guda ne. Shekarun baya na taka da ƙafata zuwa wata tashar talbijin neman kwafin wani tsohon shiri don in nuna wa ɗalibaina, aka yi ta kai ni ofis-ofis, a ƙarshe wani dattijo ma'aikaci ya ja ni gefe ya ce Malam kada ka wahalar da kanka, kaset ɗin an daɗe da ɗora wani abu a kansa don lokacin babu kuɗin sayen sabo. Na fito na zauna a kan benci na fi minti goma ban iya tashi ba. Shaihu Umar ya yi sa'a, wasu ba su yi ba.

Maman Ikram

Baba Malam ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Amma Baba ka yi haƙuri in ɗan yi ƙorafi, kai da Ɗan Tudun Wada duk maza zalla kuka lissafo, marubuta maza 'yan wasa maza, alhali mu da muka tashi a shekarun 1990 littattafan mata ne suka raine mu, ana ba da hayarsu a unguwa kwana ɗaya kwana biyu, ki karanta ki miƙa wa maƙwabciya ta katanga kafin mai shi ya aiko.

Ni littafin da ya taɓa sa ni kuka har na jiƙa filo shi ne Alhaki Kwikwiyo na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Rabi da 'ya'yanta tara, Alhaji Abdu ya kore ta saboda Delu, ta koma sayar da abinci tana riƙe yaran nan da guminta har Allah ya rufa mata asiri 'yarta Saudatu ta yi aure gidan mutunci, sai da gobara ta cinye masa shago duniya ta juya masa baya sannan aka taru a kanta wai ta koma. Na karanta shi ina budurwa na ji haushi, na sake karanta shi bayan na yi aure na haihu sai na ji tsoro, don na gane ba ƙirƙira ba ce, kowace unguwa akwai Rabinta. An yi fim ɗinsa a 1998, Abdulkarim Muhammad ne ya yi, na kalla kuma na yaba ƙoƙarin, amma gaskiya gwajin nan naka Ɗan Tudun Wada bai ci ba a wajena. Da na koma littafin Rabin da ke kaina ce dai ta dawo, mai kama da wata gwaggona. Kuma na san dalili, abin da ya fi zafi a littafin ba faɗan kishiya ba ne, lissafin da mace take yi a zuciyarta ne da daddare, kuɗin cefanen gobe, kuɗin makaranta, wa za ta roƙa wa ba za ta roƙa ba, shi kuwa wannan kyamara ba ta ɗaukarsa sai an samu wadda za ta iya faɗinsa da ido ba tare da ta buɗe baki ba. Faɗa kuwa kowa ya iya. Littafin nan fa har Turanci an fassara shi, Aliyu Kamal ya fassara, wani kamfani a Indiya ya buga a 2012.

Inda gwajin ya ci a wajena shi ne Ki Yarda Da Ni na Anti Bilkisu Funtuwa. Hauwa Ali Dodo, Allah ya ji ƙanta, ta hau Biba ta zauna daram har sunan ya bi ta, kowa Biba Problem yake ce mata har ta rasu a hatsarin mota a farkon 2010. Yau ko a ina na ga sunan Biba a rubuce fuskarta nake gani, yadda take harara da yadda take murguɗa baki, mata suna zaginta a gaban talbijin kamar ta ci musu bashi, kuma in ba ta fito ba a ce fim bai yi daɗi ba. Wannan ita ce gwanata, ban haɗa ta da kowa ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ma an yi fim ɗinsa a 1994, a gidan yayata na kalla a bidiyo mu fi goma sha biyar a ɗaki ɗaya, duk mun san Sumayya za ta faɗa rijiya don mun karanta, amma da aka zo wajen sai da aka yi salati.

Na Fagge

Allah ya gafarta Malam, Hajiya barka da ƙoƙari. Ni kam ku yi min afuwa zan tsallaka teku, don duk wanda ya tashi a Fagge a zamaninmu ya ce Indiya ba ta cikin jininsa to bai faɗi gaskiya ba. Ga Plaza ga Wapa a ƙofar gida, ga Orion ga Eldorado ga Marhaba, mun san ranar da ake sa Indiya kamar yadda muka san ranar kasuwa. Har suna muka raɗa musu, Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuma aka ce masa Mace saboda sanyinsa.

Amma da girma ya zo na gane duk cikinsu babu kamar Dilip Kumar. Sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, a Peshawar aka haife shi a 1922, ya rasu a 2021 yana dab da shekara ɗari. Kuma shi ne amsar tambayarka ta biyu ƙanena, saboda Devdas. Asalinsa ɗan siririn littafi ne da Sarat Chandra Chattopadhyay ya fitar a 1917 da harshen Bengali, an mai da shi fim sau da yawa, yaran yanzu na 2002 suka sani na Shah Rukh Khan da Aishwarya Rai da Madhuri Dixit, ni kuma ina ce muku ku nemi na 1955 wanda Bimal Roy ya yi, mara kala. Na 2002 ya ƙayatu ba musu, gidaje kamar fadar sarakuna, gwal ko'ina, rawa da waƙa, amma adon ya danne labarin. Labarin fa na wani raggon namiji ne da ya kasa tsayawa gaban iyayensa a kan yarinyar da suka tashi tare, Paro, ya rubuta mata takarda ya ce ta manta da shi, kafin ya dawo hayyacinsa an ɗaura mata aure da wani dattijo mai 'ya'ya, shi kuma ya kama kwalba har ta kai shi ƙasa. Ba jarumi ba ne, abin tausayi ne kuma abin haushi. Dilip Kumar haka ya yi shi, murya ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunyar kansa, wani lokaci sai ka matso kusa da talbijin don ka ji me ya ce, ga Suchitra Sen a Paro ga Vyjayanthimala a Chandramukhi. Ƙarshen nan da ya ja jiki a keken shanu cikin dare don ya cika alkawarin zai zo ƙofar gidanta kafin ya mutu, ya mutu a waje kamar baƙon da ba shi da kowa, ita kuma ta ji suna ta kwaso da gudu aka rufe ƙofa a gabanta, na kalla ya fi sau goma kuma har yau ba na iya cin abinci bayansa.

Wani ɗana da ya yi karatu a Indiya ya kawo min fassarar littafin ta Turanci, na zauna da tabarau na bi shi a hankali, tun daga shafin farko har na ƙarshe Dilip Kumar ne a gabana, Shah Rukh ko leƙowa bai yi ba. Kuma abin ya ci Dilip Kumar fa, irin waɗannan fina-finan na baƙin ciki sun taɓa masa zuciya har sai da ya ga likita a Landan aka ba shi shawara ya riƙa haɗawa da masu raha. Mughal-e-Azam na 1960 ma daga wasan kwaikwayo aka ɗauko shi, Anarkali na Imtiaz Ali Taj, a can ne ya tsaya gaban Prithviraj Kapoor uba da ɗa, ɗaya na ruri kamar zaki ɗaya na magana a hankali, kuma mai magana a hankalin ne ka fi jin tsoronsa.

Ba'are Ɗan Dutsi

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ni daga Dogon Dutsi ni ke, nan Nijar. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba amma wagga magana ta shafe mu ƙwarai.

Mu namu shi ne Sarauniya. Abdullahi Mamani, wanda anka sani da Abdoulaye Mamani, shi ya rubuta littafin da Faransanci a 1980, bisa Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tsaya ma sojan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa, a 1899, waɗanga da sunka ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara har sunka yi ɓarnar da ba a mancewa a Birnin Ƙonni, daga baya sojansu da kansu sunka kashe su. Lugu ba ta da nisa da mu, kuma har yau akwai Sarauniya a garin, sarautar ba ta yanke ba. Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da littafin fim a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1987. Aï Keïta 'yar Barkina Faso ita ta fito a Sarauniya, kuma wallahi ta cika ido, doguwa, ba ta yawan magana, in ta dubi mutum sai shi sadda kai.

To ga inda abin ya ke, ɗan'uwa mai tambaya. Gwajinka ya ci a gare ni har ya wuce wuri. Na karanta littafin ina lakwal, wato makaranta, na kalli fim ɗin, yanzu duk wanda ya ce Sarauniya, Aï Keïta ni ke gani da baka da kwari, ni da duk tsarata. Amma kakata da ta tashi a wajen ba haka ta ba mu labari ba. A bakinta Sarauniya mai riƙon asirin gari ce ta Azna masu bin addinin gargajiya, tana cikin ɗakinta, ba kowa ka ganin fuskarta ba, ƙarfinta ba na damtse ba ne. Wato marubuci ya ɗauki abin da tsofaffi ka faɗi ya ƙara mai nashi don shi ba matasa jaruma, mai fim ya ƙara bisa na marubuci, yau kuma yaran Arewa, wato yankinmu na Dogon Dutsi, sun fi sanin ta fim da ta kakanninsu. Ban ce sun yi laifi ba, in ba don su ba da duniya ba ta san sunan Lugu ba, kuma ina alfahari da fim ɗin. Sai dai ranar da kakata ta rasu na gane tata Sarauniyar ta tahi da ita, ban ɗauki muryarta ba ko a kaset.

Abu na biyu da ya fi yi min ciwo, a Nijar anka so a yi fim ɗin amma abin bai yiwu ba, sai a Barkina anka yi shi zamanin Thomas Sankara. Shi ya sa Sarauniyar Lugu, Ba'azna 'yar ƙasar Hausa, ta buɗe baki a majigi ba Hausa ta fito ba. Kullum in na kalla sai in riƙa maida maganarta Hausar Arewa cikin raina, in ji yadda za ta yi nauyi.

Sadiq_2003

Iyayenmu da yayyenmu ina gaisuwa, na ƙaru sosai wallahi. Amma bari in faɗi gaskiyata ko da ba za ta yi daɗi ba, ni na gwada kallon wasu tsofaffin nan ban iya kai ƙarshe ba, mutum zai taso daga can nesa kyamara na binsa har ya iso ya yi sallama a amsa a gaisa a tambayi gida da gona kafin a shiga magana, mu da muka saba da waya abin yana mana tsawo. Ba raini ba ne, sabo ne.

Wanda ya riƙe ni har ƙarshe shi ne Things Fall Apart da NTA ta yi a 1987 daga littafin Chinua Achebe na 1958. Mun yi littafin a makaranta ban wani damu da shi ba, sai babana ya sa mu kalla, daga ranar Okonkwo ya zama Pete Edochie shi ke nan, wajen da ya sare Ikemefuna yaron na ce masa baba, fuskarsa bayan nan ta fi duk bayanin da aka yi mana a aji. Kuma babana ya ce Pete Edochie a Zariya ya tashi yana jin Hausa radau, sai na ƙara jin shi kamar na gida.

Tambayata ga Baba Malam, yanzu da ake da kayan aiki, ga jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto ga kwamfuta, me zai hana a ɗauko Ruwan Bagaja a yi shi dogon zango yadda ake yi a YouTube? Ni a ganina da marigayi Rabilu Musa Ibro yana raye shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman, babu wani.

Malam Mai Ritaya

Maman Ikram 'yata kin yi gaskiya, na karɓi gyara, kuma abin da kika faɗa kan lissafin dare na mace na rubuta shi a takarda na ajiye. Ɗan'uwa na Dutsi, maganar kakarka ta sa ni shiru, Allah ya ji ƙanta.

Sadiq jikana, gaisuwar nan da ka ce ta yi tsawo, a cikinta ake gane wa ke sama wa ke ƙasa, wa ke fushi yana ɓoyewa, ka sake kallo ka lura da wanda ya fara sauke ido. Batun Ibro kuwa, Allah ya ji ƙansa, gwani ne ba musu amma ban yarda ba. Zurƙe ba wawa ba ne. Malami ne mai wayo da ya haɗu da daidai shi, shi da Alhaji Imam kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami gari bayan gari, yau wannan ya sa an yi wa wancan duka gobe wancan ya rama. Wanda zai hau Zurƙe dole ya iya riƙe fuska kamar mai shirin jan salla alhali ƙarya yake shararawa, jama'a su yi dariya shi ko gezau. Ibro da ya shigo an riga an fara dariya, to an gama da Zurƙe. Kasimu Yero ne zai iya, shi kuma ƙasa ta rufe.

Maman Ikram

Baba na gode da ka karɓa. Kun sa na tashi na buɗe tsohuwar akwatin lefena, ashe kaset ɗin Ki Yarda Da Ni yana nan a ƙasa cikin zani, har da sitikar shagon da aka saya, sai dai bidiyon gidanmu ta mutu tun tuni kuma ina ganin kamar farin abu-abu a jikin zaren ta tagar kaset ɗin. Don Allah akwai wanda ya san mai juyawa zuwa filashi a nan Kano, wanda ba zai tsinka min shi ba?

Ɗan Tudun Wada

Hajiya kada ki sa shi a kowace na'ura tukuna, farin nan fumfuna ce, in aka kunna a haka zaren zai manne ya tsinke kuma ya ɓata kan bidiyon. Ki cire shi daga cikin zani ki ajiye inda iska ke shiga ba rana ba. Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu da yake buɗe kaset ya goge zaren a hankali kafin ya juya, shi ya ceto min na bikin iyayena, gobe in sha Allah bayan la'asar zan biya in tambaye shi ko har yanzu na'urarsa na aiki, sai in sanar da ke a nan. Na Fagge kai kuma Devdas na 1955 ɗin, mai fassarar Turanci a ƙasa ne naka ko zallar Indiyanci?